A ba malaman makaranta bindiga? Ni dai hankalina bai kwanta ba

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwana uku ke nan wata magana tana cina a rai, na ce bari in kawo ta nan ku taya ni dubawa. A jihar Tennessee nake zaune a Amurka, yarana biyu suna firamare. A ƙarshen watan Afrilun nan na 2024 majalisar wakilan jiharmu ta zartar da doka, ƙuri'a 68 da 28, wadda ta ba malaman makarantun gwamnati damar shiga aji da ƙaramar bindiga ɓoye a jikinsu. Gwamna Bill Lee ya sa hannu. An ce sai malami yana da lasisi, an gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ya yi horon awa 40, kuma shugaban makaranta da shugaban hukumar ilimi ta yankin da na 'yan sanda sun amince. Abin da ya fi tsaya min a rai, ba za a gaya wa iyaye wane malami ne yake ɗauke da ita ba. Kullum da safe ina miƙa 'yata mai shekara shida ga malamarta, ban sani ba ko da bindiga a ƙugunta.

Maigidana yana goyon bayan abin. Hujjarsa harin makarantar Covenant a Nashville, watan Maris na 2023, inda aka kashe yara uku 'yan shekara tara da manya uku. Ya ce da akwai mai makami a ciki da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ni kuwa jikina bai ba ni ba. Ku da kuke gida kuna fama da satar ɗalibai, da ku da kuke nan, yaya kuke gani?

Direban_Bronx:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ina tare da maigidanki. Mai son kashe yara ba ya zuwa barikin soja, inda ya san babu mai mayar masa da martani yake nufa. In ya san akwai yiwuwar a harbe shi tun daga bakin ƙofa, zai sake shawara. Ƙasar nan bindigogi sun fi mutane yawa, kuma tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami. Ba ranar da za a tattara su. Tunda haka ne, gara na kirki ma su riƙe.

Mai_Alli:
Direba, shekarata 21 ina koyarwa a firamare a jihar Katsina. Ka taɓa tsayawa gaban yara saba'in a aji ɗaya? Wannan yana kuka, wancan ya tsinke takalmin wani, biyu suna dambe a baya. In ka juya allo minti ɗaya an buɗe maka jaka an ɗauke biro. A nan za a ce in ajiye bindiga? A ina? Hajiya, jikinki gaskiya ya gaya miki.

Tsohon_Soja_82:
Bari in sa baki, don wannan fagena ne. Na yi aikin soja har na yi ritaya, na je Laberiya da rundunar ECOMOG. Harbin allo a filin atisaye daban, harbin mutum mai harbinka daban. Ranar da aka fara buɗe mana wuta na ga ƙato wanda ya fi kowa iya saiti a horo ya kasa ɗaga hannunsa. Ba ragwanta ba ce, haka jikin ɗan Adam yake. Hannu na rawa, kunne ya toshe, ba ka ganin komai sai abin da ke gabanka. Yanzu ka ɗauki malama mai horon awa 40, ka sa ta a baranda cike da yara suna gudu suna ihu, ka ce ta harbi mutum ɗaya ban da sauran. Harsashi ba ya tambayar suna. Sannan in 'yan sanda suka shigo suka tarar da mutum cikin farin kaya riƙe da bindiga, ta yaya za su san malami ne ba maharin ba?

Direban_Bronx:
Baba Soja, da girmanka, amma su 'yan sandan da ake jira ɗin fa? A Uvalde ta jihar Texas, watan Mayun 2022, jami'ai 376 ne suka taru a makarantar, suka yi minti 77 kafin su fasa ajin. Yara suna kiran waya daga ciki suna roƙo a zo. Yara 19 da malamai mata biyu suka mutu. A Parkland ta Florida a 2018 ɗan sandan makarantar yana nan da bindigarsa, ya tsaya a waje har aka kashe mutum 17. Wanda ya tare harsashi da jikinsa don yara su tsira mai horar da 'yan ƙwallo ne, Aaron Feis, hannunsa babu komai. Da yana da makami fa?

Tsohon_Soja_82:
Ɗana, ka kawo min hujjata da kanka. Mutum 376 masu horo da rigar sulke suka ji tsoron bindiga ƙirar AR-15 guda ɗaya. Kai kuma kana so malama da ƙaramar bindiga ta yi abin da suka kasa.

Nas_Columbus:
Anti Uwar_Biyu, mu a Ohio mun riga ku shiga wannan. A 2022, makonni kaɗan bayan Uvalde, gwamna Mike DeWine ya sa hannu a dokar da ta rage horon da ake nema ga malami mai makami daga sama da awa 700 zuwa awa 24. Awa 24! Ni aikin jinya nake, kafin a bar ni in yi wa mutum allura sai da na yi shekaru ina karatu. Florida su awa 144 suka sa a shirin da suka raɗa wa sunan Feis ɗin da Direba ya ambata. Kowace jiha da nata lissafin, ka san ba bisa wani ilimi aka yanke ba, siyasa ce.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: a yawancin hare-haren nan maharin ɗan makarantar ne ko tsohon ɗalibinta. Na Parkland korarren ɗalibi ne mai shekara 19. Na Uvalde ya yi karatu a wannan firamaren. Na Covenant ɗinku ma haka. Abin da ake nema a wurin malami shi ne ya ɗaga bindiga ya harbe yaron da wataƙila shi ya koya masa karatu. Malam Mai_Alli, za ka iya?

Mai_Alli:
Ba zan iya ba 'yar uwa. Wallahi ba zan iya ba. Akwai yaran da na koyar da na ji labarin sun shiga daji, har gobe in na tuna fuskarsu suna aji uku sai zuciyata ta karye.

Bazamfare_Na_Asali:
Ku kuna maganar yaro guda da ya haukace. Mu abin da munka gani daban na. Ranar da anka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, watan Fabrairun 2021, ba mutum guda yaz zo ba, runduna ce cikin dare. Mutanen ga bisa babura suke tahowa, uku uku, kowa da AK-47. To in kun ba mushen makaranta, wato malami, ko hedimasta bindiga guda, mi za ta yi? Amma kuma in gaya muku gaskiya, garuruwan da sunka tashi sunka nemi makami a wajenmu, ɓarayi na shakkar shigarsu. Waɗanda sunka zauna jiran hukuma su ne ka noma wa ɓarayi gona suna biyan haraji. Don haka kada wanda ke kwana cikin birni da katanga ya ce muna bindiga ba ta da amfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo.

Ummu_Sumayya:
Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ni karanta sunayen garuruwan nan kaɗai yana sa ni hawaye.

Lauya_Kaduna:
Amin. Bari in gyara wani abu kafin a yi nisa, don ana haɗa ƙasashe biyu da dokarsu ba ɗaya ba. A Najeriya babu wani 'yancin riƙe makami a tsarin mulki. Dokar makamai ta kasa su gida uku: manyan bindigogi irin na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin na farauta mai harsashi sai Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shi ya sa a watan Yunin 2022 da Matawalle yana gwamna ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, babban hafsan tsaro na lokacin Janar Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Masari ma ya sha gaya wa mutanen Katsina su kare kansu. Gwamna na cewa ku sayi bindiga, doka na cewa in an kama ka da ita gidan yari. Talaka yana tsakiya.

Bazamfare_Na_Asali:
Barista, dokar ga taku mu kaɗai taka kamawa. Ɓarawo ba ya cika fom.

Malamar_Kwana:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Na yi shekara shida ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a wata makarantar kwana, ba zan faɗi sunanta ba. Bayan Ƙanƙara, a Disambar 2020, da aka tafi da yara sama da 300, barci ya ƙaurace mana. Katangarmu ta baya ta faɗi tun damina biyu da suka wuce, daga ita sai gonaki sai daji. Masu gadinmu tsofaffi biyu ne, ɗaya da gora ɗaya da tocila. Mun rubuta takarda sau huɗu a gyara katangar, ana cewa an tura sama. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya muka ji ƙarar babura daga nesa. Na tashi yara 140 na sa su kwanta ƙarƙashin gadaje, na kashe fitila, na zauna a bakin ƙofa da muciya a hannuna. Muciya. Wata ƙaramar yarinya 'yar aji ɗaya ta rarrafo ta riƙe zanina tana cewa Anti kada ki bari su tafi da ni. Na kira lambar da aka ba mu ta gaggawa, ba sabis, sai da na hau kan tebur kusa da taga. Allah Ya sa wucewa suka yi, ƙauyen gaba suka faɗa wa.

In kun tambaye ni a wannan daren ko ina son bindiga, zan ce a ba ni. Ba zan yi muku ƙarya ba. Amma da gari ya waye na yi tunani. Da na harba sau ɗaya, da sun buɗe wa ɗakin nan wuta, kuma yara 140 ne a ciki bayan ƙofar langa-langa. Abin da nake bukata a daren nan katanga ce, da waya mai shiga, da motar jami'ai da za ta iso cikin minti goma. Ko ɗaya ba a ba ni ba. Bayan wata biyu aka mayar da makarantar jeka-ka-dawo, fiye da rabin yaran ba su dawo ba. Da yawa an yi musu aure.

Uwar_Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama, na karanta wannan sau uku. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki ladan yaran nan. 'Yata ma a nan ana koya musu atisayen ɓuya: a kashe fitila, a kulle ƙofa, a maƙure a lungu, a yi shiru. Ranar da ta dawo tana nuna min yadda ake toshe baki da hannu, ban iya cin abinci ba. Na baro gida ina ganin na kawo su inda za su tsira.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Bazamfare ya ce mushe, ya sa na ji kamar da mu yake. A jihar Tillaberi ɗaruruwan lakwal ne a rufe, kuma can mushen ne ma ake fara nema, don masu iƙirarin jihadi suna ganinsa a matsayin wakilin gwamnati. Ba shi da makami ma ana korarsa, ina ga an ce yana da shi. Mu nan wajen Madarunfa da Gidan Runji ɓarayin da ke damun Zamfara da Katsina su ne ke tsallakowa. Amma in faɗa muku abin da ya fi kashe mana yara cikin aji: a watan Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a nan cikin garin Maraɗi, yara fiye da 20 suka ƙone. Kafin nan an yi irinta a Yamai a watan Afrilu. Ƙasar da ba ta gama gina aji da bulo ba, kuɗin bindigar mushe daga ina?

Alaramma_Zariya:
Kare rai da dukiya da iyali halas ne a shari'a, babu saɓani a kan wannan. Amma malamai sun yi magana a kan cewa tsaron al'umma nauyi ne a wuyan shugaba, kuma za a tambaye shi. In shugaba ya ce wa malamin makaranta ga bindiga ka tsare kanka, ya sauke kayansa ne a kan wanda bai ɗauka ba. Kada mu manta da makarantun allo da Islamiyya. Yaran Tegina sama da 130 da aka ɗauka a 2021 'yan Islamiyya ne, wasu ba su wuce shekara biyar ba, sun yi kusan wata uku a daji. A watan Maris na 2024 an ɗauki almajirai 15 a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada. Su ma alarammomin za a raba musu?

Injiniya_KD:
Akwai ƙasar da ta gwada wannan, kuma yanayinta ya fi kama da namu fiye da Amurka. Pakistan. Bayan harin makarantar sojoji a Peshawar a Disambar 2014, inda aka kashe yara sama da 130, gwamnatin lardin ta ba malamai izinin zuwa aiki da makami, har da malamai mata aka koya wa harbi. Abu biyu suka biyo baya. A 2015 a yankin Swat wani malami yana goge bindigarsa a makaranta ta tashi ta kashe ɗalibi. A Janairun 2016 kuma da aka kai hari jami'ar Bacha Khan a Charsadda, wani malamin kimiyyar sinadarai ya fito da ƙaramar bindigarsa ya yi ta musayar wuta, ɗalibansa suka samu suka gudu, shi aka kashe shi. Kowane ɓangare a cikinku yana da abin ɗauka a nan. Ni na kasa yanke hukunci.

Direban_Bronx:
Madalla Injiniya. Wannan malamin nake nufi. Ko a Ƙanƙara ai 'yan sanda sun ce musayar wutar da mai gadin makarantar ya yi ce ta ba wasu yara damar tsallake katanga.

Mai_Alli:
Ɗan sanda ne ya yi musayar wutar Direba, ba malamin lissafi ba. Ba wanda ya ce kada a sa mai makami a makaranta. Cewa muke kowa da aikinsa.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke raina. Albashina bayan shekara 21 ba ya sayen buhun shinkafa da na masara a haɗe. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 na ajiye babur, da ƙafa nake zuwa makaranta. Mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne tun 2019 har zuwa Mayun 2024, lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta nemi 615,000 ranar ma'aikata, aka yi ta zama. A 2020 Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, ni dai a aljihuna ban gani ba. Alli da kuɗina nake saya. Mutumin da bashi ya yi wa katutu, yunwa a gidansa, ka danƙa masa abin da ɓarayi za su saya da kuɗin da ya fi albashinsa na shekara. Ba na zargin 'yan uwana malamai, amma kada a jarrabi mutane da abin da ya fi ƙarfinsu. Kuma ranar da aka san akwai bindiga a ofishin hedimasta, za a zo ɗaukarta ko ba a zo ɗaukar yara ba.

Sarkin_Yaƙin_Jam'iyya:
Malam, a yi adalci. A Mayun 2024 gwamnatin Tinubu shekara ɗaya ba ta cika ba. Chibok a 2014 aka yi, 'yan mata 276, lokacin wa? Buni Yadi fa? Yaran Kuriga da aka ɗauka ranar 7 ga Maris na 2024 an dawo da su cikin kwana 17. Na Yawuri sai da wasunsu suka yi kusan shekara biyu.

Lauya_Kaduna:
Chibok lokacin PDP, Dapchi da Ƙanƙara da Kagara da Jangebe da Afaka da Yawuri lokacin APC, Kuriga ma APC. Ranar da aka ɗauki yaran Ƙanƙara shugaban ƙasa yana Daura, a jiha ɗaya. Ba jam'iyyar da za ta ɗaga kai a wannan maganar. Kuma a Kuriga da farko an ce 287, aka dawo da 137 aka ce su ke nan, malamin da aka tafi da shi tare da su kuma bai dawo da rai ba. Sau nawa ka ji an ambace shi? An ƙaddamar da shirin kare makarantu tun 2014 tare da tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown. A ƙarshen 2022 aka fito da wani tsarin na naira biliyan 144.8 na 2023 zuwa 2026. Malamar_Kwana ta gaya mana katangarta. Ina kuɗin suka shiga? Wannan ce tambayar da ya kamata 'yan majalisarmu su yi, ba ihu bayan hari ba.

Sarkin_Yaƙin_Jam'iyya:
Shi ya sa shugaban ƙasa da gwamnoni suka zauna a watan Fabrairun 2024 kan 'yan sandan jihohi. In aka yi wannan an gama.

Hajiya_Mai_Atamfa:
'Yan sandan jiha a hannun gwamnonin da ke riƙe kuɗin ƙananan hukumomi? Ranar zaɓe za ka gane su wa za su tsare. Ni ina tsoro.

Bazamfare_Na_Asali:
Hajiya, ai kusan an fara. Dikko Raɗɗa ya ɗauki matasa kusan 1,500 a Katsina a 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa fiye da 2,600 a Zamfara a watan Janairun 2024. Inda suke an samu sauƙi, ban musu ba. Amma mu mun san abin da 'yan sa-kai sunka yi a baya: a kama Bafulatani a kasuwa a yanka ba shari'a, 'yan uwanshi su zo su tashi gari. Da yawan wutar ga daga nan ta kama. Makami a hannun wanda ba a iya tuhuma, ko wane ne shi, ƙarshenta kuka.

Bello_Rugga:
Na gode da ka faɗi wannan da bakinka ɗan uwa. Mu ma an sace mana shanu, an kashe mana mutane, kuma yaranmu ba su da makarantar ma da za a sace su a ciki. Ko masu horon ma suna kuskure. Tudun Biri a watan Disambar 2023 jirgin soja ne ya saki bam kan masu Mauludi, mutum 85 aka binne.

Uwar_Biyu:
Allah Ya jiƙansu. 'Yan uwa, zancen ya tafi gida, kuma ya kamata ya tafi. Amma ku dawo min kan tawa kaɗan. Hukumar makarantun Nashville ta ce ita ba za ta yi aiki da dokar ba. Mu a wata ƙaramar gunduma muke a gefen birni, tamu ba ta ce komai ba tukuna. Akwai taron iyaye mako mai zuwa. In tashi in yi magana? Da hijabina da harshena na baƙuwa, ina jin nauyi.

Nas_Columbus:
Ki tashi Anti. Ba ke kaɗai ba ce, manyan ƙungiyoyin malamai biyu na ƙasar nan, NEA da AFT, duk sun ƙi abin, kuma iyayen yaran Covenant da kansu suna cikin waɗanda suka je majalisa suna roƙon kada a zartar. Ki tambaye su abu uku: a ina bindigar za ta kasance lokacin da malama ta durƙusa tana ɗaure wa yaro takalmi, wa zai ɗauki alhaki in ta tashi bisa kuskure, kuma me ya sa ba za a gaya wa iyaye ba. Kuskuren yana faruwa. A 2018 wani malami a California, wanda ma ɗan sandan wucin gadi ne, bindigarsa ta tashi a aji yana koyar da yadda ake kiyaye makami, yara suka ji rauni.

Ni kuma a wurin aiki nake ganin ƙarshen abin. Tun 2020 bindiga ce ta fi komai kashe yara da matasa a ƙasar nan, ta wuce haɗarin mota. Akasarinsu ba a makaranta ba, a gida da unguwa. Shi ya sa hukuncin da aka yanke a Michigan a watan Afrilun 2024 ya fi min ma'ana: iyayen da suka saya wa ɗansu mai shekara 15 bindiga, ya je ya kashe ɗalibai huɗu a Oxford, an ba kowannensu shekara 10 zuwa 15.

Ɗan_Manchester:
A nan Birtaniya sau ɗaya aka yi, a Dunblane ta Sikotland a 1996, yara 16 da malamarsu. Shekarar da ta biyo baya aka haramta ƙananan bindigogi. Ba a sake irinsa a makaranta ba. Yawancin 'yan sandan nan ma ba sa yawo da bindiga.

Direban_Bronx:
Birtaniya tsibiri ce, kuma ba su da ƙungiyar masu kare 'yancin riƙe bindiga irin NRA ta Amurka. Bayan Sandy Hook a 2012, yara 20 'yan aji ɗaya, kowa ya ce yanzu kam za a canja. Majalisar dattawa ta kasa zartar da ko binciken masu saye. Sai 2022 Biden ya samu ya sa hannu a wata 'yar doka. Ni ba ɗan Trump ba ne, duk da ya tallata ba malamai makami a 2018. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamban 2024 ban san wa zan zaɓa ba. Ina ɗaukar ɗaliban jami'ar Columbia a motata, na ga daren da 'yan sanda suka shiga suka kwashe su saboda zanga-zangar Gaza. Da wane hannu zan dangwala wa Biden?

Nas_Columbus:
Yaya Direba, mutum sama da 100,000 a Michigan sun ƙi dangwala masa a zaɓen fid da gwani. Amma ka tuna wanda ya hana 'yan ƙasashen Musulmi shigowa a 2017, ya kuma sa Najeriya cikin jerin a 2020. Ƙanwata tana cikin waɗanda takardunsu suka tsaya. Wannan mu buɗe masa zance daban, kada mu ɓatar da Anti.

Tsohon_Soja_82:
'Yata Uwar_Biyu, ki je taron. Ki kuma gaya wa maigidanki tsohon soja ya ce ba na raina tsoronsa, tsoron uba ne. A Covenant ɗin da yake magana, 'yan sanda sun kashe maharin cikin kusan minti 14 da kiran farko, don sun shiga kai tsaye ba su tsaya ba. Ya nemi a ba makarantar 'ya'yansa jami'i mai horo da ƙofofi masu kulluwa daga ciki. In an rasa duk wannan, to mu sake zama.

Bazamfare_Na_Asali:
Baba, mu an rasa ɗin. Shi ya sa har yanzu ban ce a'a ba.

Malamar_Kwana:
Ni ma ban iya ce maka a'a ba ɗan uwa. Abin da na sani, malaman da muka yi aiki tare su tara ne suka nemi canjin wuri zuwa birni, biyu suka bar aikin gaba ɗaya. In aka ƙara musu da ɗaukar bindiga, ban san wa zai rage a ƙauye ba.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na nuna wa maigidan duk abin da kuka rubuta. Ya daɗe a kan na Malamar_Kwana bai ce komai ba. Bai canja ra'ayi ba, amma ya ce zai raka ni taron, shi ma yana da tambayarsa. Nas, turo min tambayoyin nan uku da Turanci yadda zan karanta su ba tare da na rikice ba. Malama, yarinyar nan da ta riƙe zaninki, tana cikin waɗanda suka dawo?

Malamar_Kwana:
Ta dawo Hajiya. Kawunta ya ɗauke ta zuwa birni, bana take rubuta jarrabawar ƙaramar sakandare.